Yadda Ake Shiga Tarihi Ta Ɓarakar Wiki

Kai da ka yi wa kamfani bauta har bayanka ya ranƙwafa, aka tashi rubuta tarihi aka sallame ka da layi ɗaya, matso kusa, wannan karatu naka ne. In ka bi matakan nan yadda aka jera su, ba ka tsallake ko ɗaya ba, sunanka zai hau allo da manyan baƙaƙe, masu wucewa su tsaya su karanta. Ba wai-wai ba ne. An gwada an gani.

Wanda ya gwada kuwa shi ne Ran-Ƙarfe, tsohon mai gadin kamfanin sabulu, kuma shi ne mai ba ka karatun. Ba za ka ji ya ce "ni" ba, domin "ni" ta yi masa kaɗan. Mutumin da aradu ta faɗa wa bishiyar da ya jingina da ita, bishiya ta ƙone, shi ya tashi ya kakkaɓe riga. Mutumin da babbar mota ta yi baya ta rushe ɗakin gadi yana ciki yana shan shayi, aka tono shi da kofin a hannu. Mutumin da maciji ya kwana a cikin takalminsa, gari ya waye macijin aka yi wa jaje. Bai taɓa zama a aji ba. A jikin kwalayen sabulu ya koyi baƙaƙe, yana zaune bakin get, kuma har yau babu ɗan boko da ya kai shi saurin karanta "A ajiye a wuri mai sanyi."

Ga abin da ya faru. Kamfani ya gina wa ma'aikata sabon zauren cin abinci, aka ce za a sa masa sunan gwarzon ranar tukunya, wato ranar da tukunyar tururi ta kusa fashewa da mutane a ciki. Kwamiti ya ce ba zai saurari bakin kowa ba, abin da ke rubuce a wikin kamfani shi za a ɗauka. Wiki kuwa ya cika shafi guda da marigayi Dogo mai walda, yadda ya rufe fuska da buhu ya kutsa ya murɗe famfon tururi. Can ƙasa, kusa da inda shafi ya ƙare, aka rubuta: "Mai gadi ya buɗe get." Ko suna babu. Kamar an ce kaza ta sha ruwa.

Mataki na ɗaya: San abin da za ka yi wa ɓarna

Kada kalmar wiki ta ba ka tsoro. Bango ne kawai da aka gina a cikin kwamfuta, aka ajiye alli a gindinsa. Kowa ya zo ya rubuta, na bayansa ya zo ya goge ya rubuta nasa. Masu ilimi sun ce da haka gaskiya take fitowa. Ran-Ƙarfe ya yi gadin bangon bayan gida na ma'aikata shekara da shekaru, ya ga irin gaskiyar da take fitowa.

Nemi kwamfutar da babu mai ita. A kamfanin sabulu akwai guda a ɗakin tsofaffin ma'aikata, tsakanin tulun ruwan sanyi da kujerar da ƙafarta ɗaya ke kan bulo. Madannanta sun yi maiƙo, ɗaya ya fita an maye gurbinsa da maɓallin riga. Zauna, ka ɗora tabarau a kan hanci, ka yi aiki da yatsa ɗaya. Masu amfani da yatsu goma kuskure goma suke yi a lokaci guda.

Mataki na biyu: Zauna kusa da mai ƙorafi

Ɓarawo mai hankali ba ya zagaya gida yana neman inda bango ya tsage. Zama yake kusa da matar gida ya ji inda take ƙorafi a kai.

A kowane kamfani akwai mai kula da kwamfutoci da ba a jin maganarsa. A nan mace ce, Injiniya ake ce mata, 'yar siririya, kullum da igiyoyi a aljihu. Ran-Ƙarfe yana zaune yana gyangyaɗin ƙarya sai ga ta ta biyo Manaja har ɗakin tsofaffi.

"Yallaɓai, manhajar wikin nan ta tsufa. Masu ita sun sanar da ɓarakokinta tuntuni, sun fito da sabuwa. Ka ba ni izini in rufe shafin in sabunta."

"Bayan biki," in ji Manaja, yana duba agogo.

"Kowa na iya yin rajista, ba a tambayarsa ko shi wane ne. Kwadon da ake sa wa shafi madannin gyara kawai yake ɓoyewa, wanda ya bi ta adireshi zai shige. Ba ta duba abin da aka ɗora mata. Kuma in mutum ya shiga ya tashi bai fita ba, ba ta fitar da shi, ko da zai shekara."

"To wa zai yi mana haka, Injiniya? Waɗannan?" Ya nuna tsofaffi da haɓa. "Baba mai gadi ga shi can, ko ƙuda ba ya iya kora."

Ran-Ƙarfe ya ja minshari don ya tabbatar masa. A cikin ransa kuwa ya jera ɓarakokin nan kamar yadda yake jera makullai a ƙugu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ballantana an nuna wa ƙadangaren tsagar da yatsa.

Abin lura: in aka raina ka, kada ka yi fushi. Raini katin shiga ne da ba ya ƙarewa.

Mataki na uku: Haifi shaidunka

Tarihi ba ya tsayawa da bakin mutum ɗaya, sai da shaidu. In shaidunka sun mutu, ko suna raye amma ba su da kirki, haifi sababbi. Tunda manhaja ba ta tambaya, ka yi rajista da suna, ka fita, ka dawo da wani. Inda ta nemi lambar waya, ba ta taka duk tafiya, don kada ka wahalar da ƙwaƙwalwa.

Kafin shayinsa ya huce Ran-Ƙarfe ya haifi Mai Gaskiya, da Wani Dattijo, da Ganau, da Tsohuwar Sakatariya, saboda a samu muryar mace. Mai Gaskiya ya rubuta cewa mai gadi ne ya fara jin ƙarar tukunya tun tana raɗa. Wani Dattijo ya ƙara da cewa shi ya nuna wa Dogo inda famfon yake. Ganau ya ce ai a kafaɗa ya ɗauki Dogon ya kai shi. Tsohuwar Sakatariya ba ta ce komai a kan tukunya ba, ta dai ambata cewa a zamaninsa babu namiji mai kyan tafiya kamarsa.

Ka sa shaidunka su ɗan yi gardama da juna. Shaidun da bakinsu ya zo ɗaya, daga gida ɗaya suka fito.

Mataki na huɗu: San mai goge maka

Duk wanda ya rubuta a wiki yana da mai goge masa, kamar yadda kowane mai tafiya yake da inuwa. Na Ran-Ƙarfe shi ne Kuku, tsohon mai dafa wa ma'aikata abinci, gajere mai tumbi, wanda suka yi ritaya tare kuma tun suna samari ba su taɓa yarda da juna a kan ko ranar mako ba. 'Yarsa ta saya masa babbar waya, ba shi da aikin yi sai shafa ta. A wiki akwai madannin da ke mayar da shafi yadda yake a da, Kuku ya gano shi, ya riƙe shi kamar ludayi.

Washegari Ran-Ƙarfe ya tarar an share shaidunsa kaf, mai gadi ya koma buɗe get.

"Mai ludayi, kai ne ka taɓa mini shafi?"

"Shafinka? Gado ka ci?" in ji Kuku, bai ɗago daga waya ba. "Na ga wani Ganau ya ce ka ɗauki Dogo a kafaɗa. Dogon da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar sito? Kai da buhun gishiri ya taɓa kayar da kai?"

"Santsi ne ya kayar da ni."

"Ita kuma Tsohuwar Sakatariya, gaishe ta. Ka ce mata ta je a duba mata ido."

Kada ka tsaya cacar baki. Koma ka rubuta. Zai goge, ka sake, ya sake. Haka suka yi ta yi, wannan ya ɗora wannan ya sauke, har shafin ya zama kamar tabarmar gidan haya. Da abin ya ishi Injiniya sai ta sa wa shafin kwado, ta bar shi yadda yake tun farko, ta manna takarda a jikin kwamfuta tana roƙon iyayenta su ji tsoron Allah.

Mataki na biyar: Gai da kwado, ka bi ta gefe

Mai gadi ya fi kowa sanin cewa kwado don mutanen kirki ake sa shi. Za ka ga ɗan hoton kwado a saman shafi, madannin gyara ya ɓace. Kada ka karaya. Ɗaga ido can sama, inda adireshin shafi yake, dogon layin nan mai kama da hanjin kaza. A wutsiyarsa akwai kalmar da ke cewa kallo ka zo yi. Goge ta, ka sa wadda ke cewa gyara ka zo yi. Tsohuwar manhaja ba ta tambayar wa ya aiko ka. Za ta buɗe maka kamar mai gadin da aka kira da "ranka ya daɗe."

Ran-Ƙarfe ya shiga, kwado na rataye yana kallonsa. Wannan karon bai yi rowa ba. Ya rubuta cewa tururin da ya fito ranar ya dafa ƙwan da ke aljihun wani direba a ƙetaren titi, amma da ya iso wurin mai gadi sai ya rabu biyu ya wuce.

Kuskurensa ɗaya, kuma kai kada ka yi shi: ya yi aikin Kuku na zaune a bayansa yana ɓare gyaɗa. Ɓarakar da ta shigar da kai ba ta san sunanka ba, kowa ya zo za ta karɓa. Kafin la'asar Kuku ya bi ta wutsiyar adireshi ya shiga, kuma bai tsaya ga gogewa ba, ya ƙara da cewa mai gadi ya buɗe get ne domin shi ma hanyar fita yake nema.

Mataki na shida: Ɗora abin da ba a nema ba

Rubutu ana gardama da shi, hoto kuwa gani ya kori ji. Nemi hotonka na zamanin ƙuruciya, da kaki da sanda, ka ɗora.

Ran-Ƙarfe ya jona wayarsa da kwamfuta don ya ɗauko hoto. Yatsa ya zame, ya ɗauko wata murya da ya taɓa ɗauka yana gwajin jawabin da zai yi ranar biki. Manhaja mai hankali da ta ce wannan ba hoto ba ne. Wannan kuwa ta karɓa da hannu biyu, kamar surukar da ke son abin duniya. Daga ranar, duk wanda ya buɗe shafin tukunya sai ya ji gyaran murya mai tsawo, sannan: "Jama'a, ku zauna, ba sai kun tashi mini ba." Can baya kuma ana jin muryar uwar 'ya'yansa tana cewa, "Malam, da wa kake magana a banɗaki?"

Manaja ya buɗe shafin a gaban baƙi daga babban ofis. An ce sai da ɗayansu ya miƙe tsaye, sannan ya koma ya zauna.

In irin wannan ta same ka, kada ka nuna kuskure ne. Ka ce da gangan ka yi. Rabin abin da ake kira dabara a duniya yatsa ne ya zame.

Mataki na bakwai: Hau kujera tun da ɗuminta

Yanzu biki ya matso, mai zanen allo zai zo ya kwafi suna daga shafi, kai kuma kana ta fama da mai ludayi layi bayan layi. Wannan aikin yara ne. Babba sara ɗaya yake yi.

Jira mai babban izini ya zauna a kwamfutar. Manaja da kansa ya zo ɗakin tsofaffi, fuska a murtuke, ya shiga da sunansa don ya kashe muryar nan. Yana cikin yi aka kira shi a waya, ya tashi ya fita yana "Na'am yallaɓai, na'am yallaɓai." Bai fita daga wiki ba, ita kuma ba ta fitar da shi ba. Kuku ya tafi wanke hannu. Ran-Ƙarfe ya zame ya hau kujera.

Abin da manya ke gani daban ne. Madannai birjik, har da wani da aka rubuta wa "Sauya ko'ina." Akwatuna biyu ne a ƙarƙashinsa: na sama sunan da za a cire, na ƙasa sunan da za a sa. A na sama ya rubuta Dogo mai walda. A na ƙasa ya rubuta Ran-Ƙarfe, ya duba baƙaƙen sau biyu kamar mai duba katin baƙo.

Kwamfuta ta ce: "Za a sauya a dukkan shafuka. Ka tabbata?"

Dubi rashin kunya. Ana tambayar mutumin da aradu ta kauce masa ko ya tabbata. Ya danna.

Ya buɗe shafin tukunya ya karanta, hawaye ya kusa zubo masa. Ran-Ƙarfe ya rufe fuska da buhu. Ran-Ƙarfe ya kutsa. Ran-Ƙarfe ya murɗe famfo. Bai tsaya duba sauran shafuka ba, domin gwarzo ba ya waiwaye. Yana fita get wayarsa ta hau kuka a aljihu, saƙo na bin saƙo. Tabarau na cikin jaka, bai ciro ba. Ya san 'yan taya murna ne.

Abin da bai sani ba, kuma kai yanzu ka sani: "ko'ina" tana nufin ko'ina. Akwai shafin ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya, Dogo na ciki. Kuma duk sunan da ya shiga shafin nan, wiki na aika sanarwa wayar duk mai rajista. Saƙonnin da ke kuka a aljihunsa na Mai Gaskiya ne, da Wani Dattijo, da Ganau, da Tsohuwar Sakatariya, ana sanar da su rasuwar mahaifinsu.

Mataki na takwas: In aka zo ta'aziyyarka, kada ka yi saurin fitowa

Ya ci abincin rana ya miƙe a ƙuryar ɗaki, fanka na kaɗawa. Barci ya fara daɗi sai uwar 'ya'yansa ta taɓa masa ƙafa.

"Malam, tashi. Ka mutu."

"In ji wa?"

"In ji wayar mutane. Falo ya cika. Ga Kuku, ga Manajanku, ga wata yarinya mai igiyoyi a aljihu. Bari in je in ce musu kana nan kana minshari."

"Dakata. Me suke cewa?"

"Me ake cewa a gidan mutuwa? Alheri."

"To koma ki zauna. Kada ki yi ƙarya, amma kada ki yi gaggawa."

Ta yi masa irin kallon da ta saba yi masa tun suna amarci, ta koma falo ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta na rawa, baƙi suna ta ba ta haƙuri. Shi kuwa ya laɓe bayan labule, ya kafa kunne. Wannan dama ce da ba kowa ke samu ba. Mutane da yawa an yabe su, amma ba su ji ba.

Manaja ya ce marigayi mutum ne mai son kamfani, ko da yake a ƙarshen rayuwarsa ya ɗan ba da wahala. Injiniya tana ta shafa waya, girarta a haɗe. Sai Kuku ya share hanci da gefen riga. Idanunsa sun yi ja kamar ya yanka albasa buhu guda.

"Ɗazu-ɗazun nan na bar shi a ɗaki," in ji shi. "Da na sani da na bar masa ƙwan direban nan, me zai rage ni da shi. Yallaɓai, kai ba ka zo kamfani ba lokacin. Get ɗin nan ciki yake buɗewa. Da tukunya ta fara ihu, mutane suka danno shi gaba ɗaya, ya ƙi motsi. Shi ya bi mu da sanda ya mayar da mu baya, ya ja get, ya sa bayansa ya tokare. Tururi na dukansa bai saki ba har na ƙarshe ya fita. Ni ne na ƙarshen, don na koma ɗauko takalmina. Dogo ya rufe famfo, gaskiya ne. Amma ba don mai gadi ba, da famfon gawarwaki ya rufe wa."

"To, Baba, me ya hana ka rubuta haka a shafin?" in ji Manaja.

"In rubuta kansa ya ƙara girma? Da ma da ƙyar hula ke shigarsa."

A bayan labule Ran-Ƙarfe ya murza ido da bayan hannu. Ƙurar labule ce, ba wani abu ba.

"Allah ya jiƙansa," Kuku ya ci gaba, "ya yafe masa ƙarairayinsa. Maganar macijin nan, misali. Ina wurin. Ƙadangare ne."

Kowane mutum yana da iyaka, har mamaci. Labule ya yaye.

"Ƙadangaren gidanku. Kububuwa ce, mai kauri kamar damtsena."

Manaja ya bi ta kicin, aka ji ƙarar tukwane. Maƙwabta biyu suka haɗu a ƙofa suka maƙale. Injiniya ta ɗago waya ta ce, "Da ma yanzu nake ganin wai kai ka yi wa tankin ruwa walda, Baba." Kuku kaɗai bai motsa ba. Ya dube shi daga hula har silifa, ya sake share hanci.

"Ai na san ba za ka taɓa yin abu ɗaya daidai ba," in ji shi. "Har mutuwar."

Mataki na tara: Karɓi allonka

A ranar Manaja ya ba Injiniya izinin da ta daɗe tana roƙo, bai ko jira ya cire ɓawon albasa daga rigarsa ba. Ta rufe wiki, ta sabunta manhaja, ta toshe wutsiyar adireshi, ta mayar da kowane shafi yadda yake. Dogo ya koma ga famfonsa da makwancinsa. Da ta zo kan shaidu sai ta kira Ran-Ƙarfe gefe, cikin ladabi.

"Baba, mutanen nan duk lambar wayarka suke amfani da ita."

"Talakawa ne, 'yata. Aro suke yi."

"Har Tsohuwar Sakatariya?"

"Wannan kada ki faɗa a gida."

Ta share su duka, Allah ya jiƙan Ganau. Zaure ya ci sunan Dogo mai walda, aka yi biki, aka ci aka sha. A ƙasan shafin tukunya kuma, da aka buɗe sabon wiki, sai aka ga layin nan ya ɗan ƙara tsawo: "Mai gadi, Ran-Ƙarfe, ya buɗe get, ya tokare shi da bayansa har kowa ya fita." Wanda ya gyara, mai ludayi, ya shiga da sunansa na gaskiya, ta ƙofar gaba. Da aka tambaye shi sai ya ce yatsa ne ya zame.

Sai dai mai zanen allo mutum ne mai cika alkawari. Tun ranar da aka yi sauyin ya zo ya kwafi abin da ya gani, ya tafi ya zana a farantin ƙarfe, baƙaƙe ruwan zinariya: ZAUREN MARIGAYI RAN-ƘARFE. Da ya kawo aka ce a jefar a zana wani. Ran-Ƙarfe ya ce ba a jefar da sunansa yana raye. Ya saɓo allon a ka, ya ratsa titi da shi, masu shaguna suna leƙowa, ya kafa shi a barandar gidansa daidai saman kujerar da yake zama.

Yanzu duk mai wucewa sai ya tsaya ya karanta, ya dubi allo, ya dubi na ƙarƙashinsa, ya yi sallama da ƙaramar murya. Kuku na zuwa kullum da hantsi, ya ce ya zo ziyarar kabari, a kawo masa shayi. Uwar 'ya'ya kuwa takan goge allon da tsumma duk ranar share-share.

"Ki bar wahalar da kanki," in ji Ran-Ƙarfe.

"A'a, Malam, a kula da shi. Abu ne da zai yi amfani."

Ka ga an cika maka alkawari. An ce suna zai hau allo, ya hau. An ce da manyan baƙaƙe, ga su nan. An ce masu wucewa za su tsaya, har da masu komawa da baya. Aradu ta gwada, mota ta gwada, kububuwa ta gwada, wiki ma ya gwada har ya aika sanarwa, ga Ran-Ƙarfe zaune yana shan shayi.

A kula

Mai wannan karatu ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. In ka je ka tarar Injiniyarku an ji maganarta ta toshe ɓarakokin, kada ka zo nan da ƙorafi, je ka yi wa Manajanku. In ka tarar a buɗe suke ka shiga, ka sani mai ludayinka na bayanka yana ɓare gyaɗa. Wanda aka kore shi daga ɗakin tsofaffi, ko matarsa ta ji labarin sakatariya, ko aka yi masa ta'aziyya ya laɓe bai ji alheri ko ɗaya ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wanda kuma ya ce sai ya kai ƙara, ya zo baranda ya ɗaga kai ya karanta allo tukuna. Marigayi ne ya ba shi shawara, kuma ba a kai marigayi kotu.